Ƙwai a Cikin Ɗankwalin Memunatu

Matasan da ke zuwa filina yanzu gani suke aikin ba komai ba ne. Su shigo riƙe da wayoyinsu, su ga tayoyi a jere, igiya a rataye, katangar katako a tsaye, sai ka ji wani ya ce wa ɗan'uwansa, "Cale, mutumina, ai wannan ko ni zan haɗa shi a bayan gidanmu." To ku samu taya ku zauna, in gaya muku. Na haura shekara talatin ina sana'ar tsofaffin tayoyi, kuma goma daga ciki na yi su ne ina shirya mutane don tseren shingaye, wanda mu a Nima muke ce wa tseren taɓo. Gudu ne a daji da kan tudu, ana hawa igiya, ana haure katanga, ana rarrafe a ƙarƙashin waya mai ƙaya, ana ɗaukar kaya masu nauyi. Jera taya kowa zai iya. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne sanin abin da jikin mutum zai aikata idan gajiya ta kori hankalinsa.

Tayar farko da aka ba ni in duba, a shagon ubangidana Malam Dauda mai faci ne, can Adabraka. Na juya ta, na ga haƙoranta da saura, na ce lafiya lau. Ya kama hannuna ya cusa a cikinta, ya zagaya da shi a hankali, sai da wata waya ta soke ni a yatsa. Ya ce, "Salisu, waje na mai saye ne. Dillali ciki yake dubawa." Shekara huɗu na yi a wurinsa, daga ni sai libar cire taya da guduma da bahon ruwan da ake neman huji. Da na tsaya da ƙafata na samu wannan fili tsakanin Nima da Mamobi, kusa da babbar kwata. Ina saro tayoyin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, ina sayar wa direbobin torotoro, motocin hayarmu. Waɗanda suka mutu murus ina tara su a baya, ban san me zan yi da su ba.

Wata Asabar wata mata ta zo da mota, ta ce tayar tarakta take so, kuma wadda ta gama aiki. Sunanta Hajiya Adiza, tana da gidan motsa jiki a Kanda. Na ce, "Hajiya, tarakta gare ki?" Ta yi dariya ta nuna mini hoto mai motsi a wayarta: mutane sun yi dumu-dumu da laka suna juya taya, suna hawa igiya kamar birai. Ta ce ana yin irin wannan tsere sau ɗaya a shekara a tsaunukan hanyar Aburi, kuma mutanenta na son shiga. Na kai mata tayar da kaina. Na ga wurin nata fes, ƙasa sai sheƙi, iska mai sanyi na busawa. Na ce, "Hajiya, mutanen nan a falo suke horo, alhali a cikin taɓo za su yi tsere. Ki turo mini su duk Asabar." Haka aka fara.

Igiyar farko da na rataya ta leda ce, sabuwa fil daga kasuwar Makola. Kwana ɗaya ta ɗaye wa mutum uku fatar tafin hannu. Na kwance ta na tafi bakin teku wurin masunta, na samo igiyar jirgi mai kauri wadda gishiri ya riga ya lallasa. Ita ma ba a barin ta a bushe. Kafin mutane su iso nake tsoma ta a ruwan laka, domin a wurin tsere wanda ya riga ka hawa ya bar maka taɓon ƙafarsa a jiki. Tayar tarakta sai an huda ta ta ƙasa, in ba haka ba ruwa ya kwanta, sauro ya yi gida, maƙwabta su kai ƙararka wurin mai unguwa. Sai ka bi cikinta da filaya ka cire duk wayar da ta leƙo. Katako sai an goge shi, kada sartse ya shiga hannu. Sandunan lilo kuwa, waɗanda ake bi a rataye da hannu, aikin abokina Yahuza mai walda ne, wanda bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi. Bokitai na fenti ne, mu cika su da tsakuwa, nauyin kowanne ya kusa rabin buhun siminti.

Na ga mutane iri-iri. Ma'aikatan banki masu takalma masu tsada, da wani lauya da ya zo da safar hannu ya koma da ita a aljihu, da ƙattin unguwarmu masu ɗaga ƙarfe, waɗanda za su juya tayar tarakta kamar faifai amma gudun zagaye uku ya sa su neman wurin kwanciya. A cikinsu duka ban ga kamar Memunatu ba.

Ranar da ta fara shigowa, kaya ta kawo wa mai sayar da wake da shinkafa a bakin filin. 'Yar dako ce a Makola, irin waɗanda ake kira kayayo, daga Walewale take, ta shekara goma sha biyu tana ɗaukar kwandon tumatur a ka. Ta tsaya da tasarta tana kallon wani ƙato yana nishi da bokitin tsakuwa.

Ta ce, "Baba, wannan ɗan abin ne yake kayar da shi?"

Na ce, "Ɗauka ki ji, 'yata."

Ta naɗe mayafinta ta yi gammo, ta cira bokitin ta aza, ta tafi ƙarshen fili ta dawo, hannu biyu a sake, tana ɓare lemo. Yahuza ya ɗage gilashin walda ya ce wa ƙaton, "Malam, in ka gama hutawa sai ta ɗauke ka kai ma."

Bayan an watse ta zauna a kan taya ta gaya mini abin da ke damunta. Yatsun hannunta na hagu sun fara mutuwa, wani lokaci abu ya suɓuce mata ba ta ji ba. Likita ya ce ƙashin wuyanta ne ya gaji, kuma in ba ta bar dako ba hannun zai tafi gaba ɗaya. 'Ya'yanta biyu suna wurin mahaifiyarta a arewa, dakon nan ne abincinsu. A daidai lokacin Hajiya Adiza na neman mace da za ta riƙa horar da matan aure, waɗanda ba za su yarda namiji ya tsaya a kansu ba. Na haɗa su. Hajiya ta ce, "Zan ɗauke ta, Alhaji, amma matan nan sai sun ga shaida. Ta gama tseren da zobenta a hannu, aiki nata ne." Zoben nan na roba ne, ana ɗaura wa kowa a wuyan hannu a wurin tashi. Ka kasa shinge ɗaya ko ka karya doka, alƙalin wurin ya sa almakashi ya yanke shi. Kana iya ƙarasa gudunka, amma sunanka ba zai shiga cikin waɗanda suka gama ba.

Igiya ta ci mana wata huɗu. Ƙafafunta da bayanta kamar ƙarfe, amma ba ta taɓa jan nauyin jikinta da hannu ba. Tana zuwa bayan la'asar idan kasuwa ta lafa, da dogon wando a ƙarƙashin riga, ɗankwali ɗaure tam. Na koya mata yadda ake naɗe igiya a ƙafa a taka, ƙafa ta yi aikin, hannu ya riƙe kawai. Tafin hannunta ya fashe, ta riƙa shafa man kaɗanya, na hana ta shafawa kafin horo don santsi. Ta faɗo ba adadi. Ba ta taɓa cewa a bari sai gobe ba. Ranar da ta taɓa ƙararrawar da ke saman igiyar, ta sauko ta kaɗe hannu ta ce, "Saura me?" Katanga ta ɗauki wata guda. Lilo wata biyu, saboda hannun hagu.

Bokiti kuwa ba mu taɓa yi masa horo ba. Me za a koya mata? Kuma zan faɗi gaskiya, abin yana yi mini amfani. Duk Asabar idan sabon mutum ya zo yana taƙama, sai in ce ya kara da Memunatu a bokiti. Ta aza a ka ta bar shi a baya, mutane su ɗauka a waya, mako mai zuwa fili ya ƙara cika. Na san zancen wuyanta, amma na ce wa kaina ai bokitin bai kai kwandon tumatur ba. Hajiya ta ba ni takardar dokokin tseren, shafi uku da Turanci. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin sallayata a shago. Na riga na kalli hotunan a waya, ina ganin na san komai. Ni da aka soki yatsana don in koyi duba ciki.

Ranar tsere muka cika torotoro guda daga unguwa. Ta haye igiya tun karon farko, ta haure katanga, ta bi ƙarƙashin waya, ta wuce lilo da hannun nan nata. Bokiti yana kusa da ƙarshe, a gindin wani tudu mai santsi, a hau da shi a sauko. Ta iso, ta naɗe gefen ɗankwalinta, ta aza. Ta wuce maza sun fi goma, suna rungume da nasu suna haki. Mutanenmu na tafa mata. Sai na ga alƙaliyar wurin, wata matashiya mai jar riga, ta busa usur ta tare ta a ƙasan tudu da almakashi a hannu.

Na ruga. Memunatu na tambayarta, "Kayan ya iso ko bai iso ba?"

Yarinyar ta ce, "Ya iso, Anti. Amma doka ta ce a rungume shi a gaba. Ba a ɗora shi a ka ko a kafaɗa."

Na fara musu irin na kasuwa. Ta zaro takarda daga aljihu, irin wadda ke ƙarƙashin sallayata, ta ɗora yatsa a kan layin. Ta ce an sa dokar ne don kada wani ya zame a tudu ya karya wuya. Ta yanke zoben. Memunatu ta dubi hannunta, ta gyara ɗankwali, ta ƙarasa shingaye biyun da suka rage ba tare da ta kasa ko ɗaya ba.

A hanyar dawowa, mun kusa shiga gari ta juyo daga kujerar gaba.

"Baba, ka karanta takardar?"

"Ban karanta ba."

Ta ce, "To."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Damina ta zo da ƙarfi, kwata ta cika ta shigo fili, ta tafi da ƙananan tayoyi, ta ruɓar da gindin katanga. Magana ta zaga cewa Baba Salisu bai san dokar abin da yake koyarwa ba, kuma gaskiya ne. Ma'aikatan banki suka janye. Hajiya Adiza ta ce za ta riƙe gurbin har tsere mai zuwa, daga nan dole ta nemi wata. Memunatu ta koma ƙarƙashin kwandon tumatur, wata biyu ban gan ta ba.

Na kai takardar wurin wani malamin makaranta maƙwabcina, ya karanta mini layi-layi har sau uku, na sa ya rubuta da Hausa. Sannan na tafi Makola. Na same ta a layin 'yan tumatur, ta sauke kaya tana murza yatsun hagu da hannun dama.

Ta ce, "Baba, kai da girmanka, cikin wannan caɓi?"

Na ce, "Laifin nawa ne, Memuna, ba naki ba. Na zo da takardar, yanzu na san abin da ke ciki."

Ta karɓa ta juya ta, ba ta iya karatu ba, ta miƙo mini. "Akwai wani abin kuma da ka ɓoye a ƙarƙashin sallaya?"

"Babu."

"To Litinin."

Na ɗauka gyaran mai sauƙi ne: a ce mata rungume, ta rungume. Da ƙarfinta kuwa haka take yi. Amma da zarar ta gaji, sai ka ga gwiwoyin hannunta sun buɗe, bokiti ya tashi da kansa, kafin ka yi magana yana bisa kanta. Ita kanta ba ta sanin ta yi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, sai dai wannan sabon shi ya ciyar da gida shekara goma sha biyu. Kuma abin da muka gina da yamma, kasuwa ta rushe shi da safe. Sai muka fara da kasuwar. Yahuza ya ƙera mata ɗan siririn amalanke da zai shiga lungunan Makola, na sa masa tayoyin babur. Maza ne ke tura amalanke a can, 'yan'uwanta mata suka yi ta yi mata dariya, wasu masu kaya suka ƙi kiranta. Ta jure. Wuyan ma ya samu sauƙi.

Dabarar da ta yi aiki ba tawa ba ce. Wata ranar Laraba ta zo da ɗanyen ƙwai a hannu. Ta kwance ɗankwali, ta ɗora ƙwan a tsakiyar kanta, ta ɗaure a hankali.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Kunnena ba ya jin maganarka idan na gaji. Bari mu ga ko kaina zai ji wannan."

Ni kuma na yi nawa. Na mayar da bokiti ƙarshen komai: sai ta yi gudu har Kanda ta dawo, ta hau jiƙaƙƙiyar igiya, ta yi lilo, sannan ta ɗaura ƙwai ta ɗauka, ta hau tulin yashin da na sa aka zube a ƙarshen fili. Ranar farko ko zagaye biyu ba ta yi ba muka ji ƙas. Gwaiduwa ta gangaro ta bayan kunne. Yahuza ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Hajiya kaza, a kawo burodi ne?" Ta share da gefen zane ta ce, "Baba Yahuza, ka bari in gama, kai zan soya." A makon farko kullum sai ya fashe. Ta koma gida ta kwance kitso ta wanke kai saboda ƙarni, gobe ta dawo da wani. A cikin takarda na gano an yarda mutum ya durƙusa ya ɗora bokiti a cinya ya huta, muddin bai zubar da tsakuwa ba. Muka mai da wannan mafakarta: in hannu ya nemi sama, gwiwa ta nemi ƙasa. Saboda yatsun hagu ba sa riƙo, ta koyi kama wuyan hannun hagu da na dama a ƙarƙashin bokitin. A wata na uku ƙwai ɗaya ya yi mako biyu a kanta, har Yahuza ya ce a raɗa masa suna.

Tsere na biyu mu huɗu kaɗai muka je, ni da ita da Yahuza da Hajiya Adiza. A wurin tashi Memunatu ta ciro ƙwai daga jakarta ta ba ni. Ta ce, "Ba zai tsira a ƙarƙashin waya ba. Riƙe mini, Baba." Na sa a aljihun riga, na wuce kai tsaye gindin tudun nan na tsaya a bayan igiyar 'yan kallo. An yi ruwa da safe, tudun ya zama kamar sabulu. Ta iso a gajiye fiye da bara, laka har gira. Ta rungumi bokiti ta fara hawa. Irin mazan da ta wuce bara, su ke wuce ta yanzu ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai tsakiya ta tsaya. Na ga gwiwoyin hannun sun buɗe. Na ga bakin bokitin ya taso daga ƙirji ya kai haɓa. Alƙaliyar nan mai jar riga ita ce dai, usur a baki. Doka ta hana ɗan kallo taimako, kuma a wannan karon na san doka, sai na yi shiru.

Bokitin ya tsaya a haɓa kamar numfashi uku. Sai ta durƙusa da gwiwa ɗaya a cikin laka, ta sauke shi a cinya, ta sunkuyar da kai. Mutum biyar suka wuce ta. Ta miƙe, ta kama wuyan hannunta, ta hau, ta sauko. A ƙasa yarinyar ta cire usur daga baki ta ce, "Sannu, Anti. Wuce."

Ba ta zo cikin na gaba ba, ko kusa. Amma ta tsallake layi da zobenta. Hajiya Adiza ta kama hannun ta ɗaga, ta ɗauki hotonsa, ta ce, "Ranar Asabar ƙarfe bakwai, mata shida na jiranki."

Na tambaye ta me ya tsayar da bokitin. Ta ce, "Sanyin gwaiduwa na ji yana bin ƙeyata, Baba. Har na shafa, ba komai." Sannan ta miƙo hannu. "Ina ƙwaina?"

Na sa hannu a aljihu, ya fito rawaya har wuyan hannu. Ban san lokacin da na matse shi ba. Yahuza ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe kai ne ke buƙatar horon."

Yanzu shekararta shida a Kanda, 'ya'yanta na nan Mamobi tare da ita suna makaranta. Duk Asabar ta biyu tana kawo matanta nan su sha laka. Kwanan baya na hango ta a kasuwar Nima ta rungumo doya huɗu a ƙirji, wata tsohuwar abokiyar dakonta na tsokanarta, "Memuna, gammo ya yi tsada ne?" Ta ce, "Kan nan ya gama nasa aikin."

Takardar nan da kuke gani a jikin katanga, cikin leda, ita ce. Ta Turancin tana sama, ta Hausar tana ƙasa. Wanda bai karanta ta ba kada ya taɓa mini bokiti.